Inabin Gwaggo a Rabin Barik

Ranar Talata da hantsi Gwaggo, yayar mahaifina, ta cika a ɗakinta a gidanmu na unguwar Cissin, kanta a kan cinyata. Mai abu Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa.

Kafin la'asar tsakar gida ta cika da mutanen tsohon Zongo, waɗanda rabonsu da zama a tabarma ɗaya tun da aka rushe unguwar aka watsa mu cikin birnin Waga. Ana gaisuwar mutuwa ana tambayar juna, "Ke yanzu ina kike zaune?" Wani tsohon Alhaji ɗan Kano, wanda Gwaggo ta daɗe tana sarin atamfa a wurinsa, ya zauna a ƙofar gida yana share ido da bakin rawani. Ya ce duk kasuwa ita kaɗai ta taɓa dawo masa da turmi ta ce zuba yake yi, kuma da ya jiƙa ya ga gaskiyarta.

Kwana biyu da rasuwar sai ga wata tsohuwa Bamoshiya, mai lambu a bakin ruwan Tanghin, ɗanta ya goyo ta a mobilet, ƙaramin babur ɗin nan, da buhun baƙar ƙasa. Duk ƙarshen damina takan kawo wa Gwaggo irin wannan buhun, kuma ba wanda ya tuna ya aika mata. Ta shigo da fara'arta, ta ga tabarmi da mata sun yi jugum, ta tsaya cak. Da aka faɗa mata sai ta zauna a kan buhun ta rufe fuska da zane. Ba mu iya tashinta ba sai da aka kira azahar.

A ranar ne kuma na ji wata tsohuwar maƙwabciyarmu tana raɗa wa ta kusa da ita, "Allah Ya jiƙanta, amma dai ta fi son itacen nan da mutane." Maganar ta tsaya min a rai, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Na ga in na yi shiru, abin da jikoki za su riƙe ke nan: wata tsohuwa mai faɗa da inabinta. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ina da shekara takwas ta dawo gida, 'yan shekaru bayan mulkin kai, lokacin ana ce wa ƙasar nan Volta. A Bobo ta yi aure. Mijinta direban wani Balarabe ne ɗan Labanan, ya rasu a hanya, 'ya'yan da ta haifa biyu kuma ba wanda ya kai yaye. Da ta fita takaba ta hau jirgin ƙasa da akwati ɗaya da wasu sanduna uku naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Matar Balaraben ce ta yanko mata daga inabin gidansu, ita ta koya mata kula da shi. Mu yara mun ɗauka asuwaki ne.

Gidanmu na Zongo gidan kakanmu ne, bafataken goro, kuma ba a raba gado ba. Mahaifina shi ne auta, shi ke zaune a ciki, yana da shagon walda a ƙofar gida. Sauran 'yan'uwansu maza suna Kumasi da Abijan.

Mako guda da zuwanta ta ɗauki fartanya ta fara haƙa rami a gefen ɗakinta. Baba ya shigo ya tarar da ita.

"Yaya, me za a yi da rami?"

"Itace zan dasa, Auta."

"Ba a dasa itace a gidan da ba a raba ba. Kin san ƙasar da muke. Nan wanda ya dasa itace ya ce wurin nasa ne. Me zan faɗa wa na Kumasi?"

"Ka faɗa musu gidan ubana ne ni ma."

Da a nan ya tsaya, da an wuce wurin. Sai ya ƙara da cewa, "Ke fa baƙuwa ce, Yaya. Gobe wani auren za ki yi ki tafi."

Ta dube shi. Sannan ta jingine fartanyar, ta sa ƙafa ta mayar da ƙasar cikin ramin, ta tattake.

Washegari ta sayo barik, irin duron nan na mai. Ga mai walda a ƙofar gida, amma ta sa aka tura shi har unguwar Gounghin, wani maƙeri ya raba shi biyu ya huhhuda gindin. Ta ƙone cikinsa da kara don warin mai ya fita. Ta je Tanghin da ƙafa, ta ɗauko baƙar ƙasa a kwarya sawu-sawu. A can suka saba da mai lambun nan. Ta zuba tsakuwa a ƙasa, ta gauraya ƙasar da yashi da busasshen takin tumaki, ta soka sandunanta. Da Baba ya zo wucewa ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wannan ƙasar da kaina na ɗauko ta. Ranar da kuka gaji da mu, ku ɗora mu a sharet." Sharet ita ce amalanken jaki.

Ba ta sake aure ba, kodayake manema sun zo. Ita da Baba kuwa suka shekara goma sha shida daga gaisuwa sai gaisuwa.

Sanda biyu suka kama, ɗaya ta bushe. Ni take kira in riƙe mata abu, tana ce min Uwata, saboda sunan mahaifiyarsu na ci. A wurinta na ga yadda ake tarbiyyar inabi. Shi ba ya iya tsayuwa da kansa, sai dai yana da 'yan hannaye sirara da yake laluben abin kamawa, in bai samu ba ya kama ɗan'uwansa su cukurkuɗe. Sai ta kafa gora a cikin barik ɗin, ta zaɓi tsiro ɗaya mafi ƙarfi, ta tsinke sauran da farce. Duk tsawon taƙi guda ta ɗaure shi a jikin gorar da ƙyallen atamfa, ragowar abin da take sayarwa. Ba ta yarda da igiya ba, balle waya. In ta ɗaure sai ta ce, "Sa yatsanki, Uwata." In yatsana bai shiga ba ta kwance ta sake. "Zai yi ƙiba," in ji ta. "Ɗaurin da ya yi masa daidai yau, shi zai shaƙe shi baɗi."

Da ya kai tsayin ƙofa ta tsinke kansa, ya fito da hannu biyu, ta kwantar da ɗaya gabas ɗaya yamma a kan rumfar gora. A shekara ta biyu ya yi fure. Na yi ta tsalle ina gaya wa 'yan lekol, wato 'yan makarantarmu, za mu sha inabi, na dawo na tarar ta tsinke furen kaf. Na yi kuka kamar an dake ni. Ba ta lallashe ni ba. Cewa ta yi wanda bai gama iya tsayuwa ba, ba a ɗora masa kaya.

Abin da ya fi ba mutanen gida tsoro shi ne aski. Damina na ɗaukewa sai ta rage masa ruwa, ta sule ganyen duka, ta ɗauki almakashin lambu da take kira sekatar ta bi rassan tana datsewa, kowanne ta bar masa ido biyu. Rumfa ta koma ƙasusuwa. Mahaifiyata ta riƙe baki ta ce, "Yaya, kin kashe shi." Gwaggo ta ce a ƙasar Balaraben sanyi ne ke sa shi barci, nan kuwa ba mai sa shi sai ita. Bayan mako biyu idanun suka fashe, kore shar. Da zafi ya shigo zangarniyoyi suka sauko, ta cire rabi ta zubar don sauran su yi girma, ta ɗinka wa kowace 'yar jaka saboda tsuntsaye da jemagu. Wanda ya shigo gidanmu a watannin nan sai ya ga rumfa ta yi ado da atamfa kala-kala.

Wani malami a layinmu ya taɓa cewa a majalisa bai kamata a ga itacen giyar Nasara a gidan Musulmi ba. Maganar ta iso mata. Ta jira ya nuna, ta zaɓi zangarniya mafi kyau ta sa a kwano ta aika masa, ta ce a tambaye shi, shi da ya haddace, ko ba a ambaci wannan ɗan itacen a cikin Littafi ba. Malam ya yi dariya har da tari, ya sha inabinsa. Da lokacin aski ya zo shi ma ya aiko a ba shi sanda.

Ban zo in wanke ta tas ba. Gwaggo tana da faɗa. Ta taɓa yin wata guda ba ta yi wa mahaifiyata magana ba saboda akuyarmu ta ci sabon toho. An yi bikin 'yar ƙanenta a Kumasi ta ƙi zuwa, wai ya faɗo a makon aski, kuma har ta rasu mutanen can ba su manta ba. Yaron da ta kama da hannu a cikin jakar atamfa kuwa, uwarsa sai ta ji a jikinta.

Amma ita ɗin ce, in bazara ta tsananta famfo ya ƙafe, ba ta taɓa ɗibar ruwan shan gida ta ba itace ba. Butarta take ɗauka ta yi alwala a kan barik, sau biyar a yini, kowace salla da barik ɗinta, don a hankali sun kai biyar. Ta naɗe jikinsu da tsofaffin buhuna don kada ƙarfe ya yi zafi ya dafa saiwa. Kuma duk shekarun nan ban ga ta sayar da ƙwaya ɗaya ba. Zangarniyar farko ta marar lafiya ce, ko wane ne a unguwa. Mai ciki in kwaɗayi ya taso mata ba ta sallama sau biyu. Namu rabon takan miƙa wa mahaifiyata, ita kuma ta sa wa Baba nasa a gefen tire. Yakan ci tuwonsa ya tashi ya bar shi.

Ina da shekara ashirin da huɗu aurena ya mutu. Na dawo Zongo da akwati da goyo, ga aikin koyarwa da na fara ban ko kafu ba. Baba ya ji kunyar abin, kunyar ta koma masa fushi. Da safe ya tsaya a tsakar gida ya fara, "Ki sani zaman nan na ɗan lokaci ne, don mace..."

Gwaggo na ƙarƙashin rumfa tana ɗauri. Ba ta ɗaga murya ba.

"Auta."

Ya juya.

"Ka faɗa min, na haɗiye. Wannan ba za ta ji ta ba."

Sai ya fita shago. Ita kuwa ta ɗauki akwatina da kanta ta kai ɗakinta. Ba ta tambaye ni me ya faru tsakanina da mijin ba, ranar ko bayanta. Da ta ga ina yini kwance ina kallon rufi, sai ta miƙo min tarin ƙyallaye ta ce hannun yamma ya saki, in je in ɗaure. Haka ta yi ta ƙirƙiro min aiki har na dawo cikin mutane.

Daminar shekarar Gwaggo ta tafi Lome saro kaya. Tana can aka yi wata iska da yamma wadda ta kwashe kwanon gidaje da yawa a Zongo. Gorar rumfa dama gara ta cinye ta ta ciki. Ta rufta gaba ɗaya, rassa suka kwanta cikin taɓo, barik ɗaya ya kife. Lokacin sun kai biyar. Ni da mahaifiyata muka yi ta ja, abu ya ƙi. Baba ya fito ya tsaya yana kallo, hannunsa a baya.

Da gari ya waye bai buɗe wa kowa shago ba. Ya shigo da bututun ƙarfe da injinsa, ya gwada, ya yanka. Ya haƙa ramuka shida a tsakar gida, ɗaya daidai inda ta taɓa haƙa nata, ya kafa ƙafafun ya zuba siminti. Kwana uku yana walda. A na huɗu ya ɗaga rassan ɗaya bayan ɗaya ya wanke musu taɓo, ya ɗaure su da waya tamau, irin ɗaurin mai walda.

Gwaggo ta dawo da rana tsaka. Ta sauke kaya, ko ruwa ba ta sha ba ta zagaya rumfar sau biyu. Ta durƙusa ta shafa simintin gindin ƙafa ɗaya. Baba na bakin zaure yana yi kamar yana neman wani abu.

"Wa ya ɗaure min itace da waya kamar an kama ɓarawo?"

"Ni ne, Yaya."

"To zo ka kwance."

Ya zo. Suka yini, shi yana kwance waya da filaya, ita tana yaga ƙyalle da haƙori tana miƙa masa, tana sa shi ya zura yatsa. Yatsunsa manya ne, ɗaurin ya yi sako-sako, ta ce haka ma ya yi. Can wajen la'asar na ji ya ce, a hankali, "In kina so ki fitar da su daga barik ki sauke su ƙasa, ki sauke."

Ta ce, "Sun saba."

Iyakar ban haƙurin da aka yi ke nan, a iya sanina. Da inabi ya nuna a shekarar, tiren Baba ya dawo babu komai a gefe. Daga baya har kujera ya ƙera ya ajiye a ƙarƙashin rumfar, a nan yake shan shayi, suna musu a kan abin da ya faru tun suna yara. Ya riga ta tafiya da shekaru masu yawa. Ranar da aka fita da shi ba ta yi kuka a gaban mutane ba, sai dai kujerar ba ta bari kowa ya sake zama a kai ba.

Sai zancen rushe unguwa ya zo. Aka bi gidaje aka shafa jan fenti, aka ce za a gina sabon tsakiyar birni. Maza suna ta kai da komo a kan takardu da filaye, mu da ke gidan muka samu wuri a Cissin. Gwaggo, da ta haura saba'in, wata guda kafin ranar ta aske inabinta har kusan kututture, ta rage ruwa don ƙasar ta yi sauƙin ɗauka. Ta kuma dage sai an yanke rumfar ƙarfen daga gindi an tafi da ita.

Ranar tashi masu sharet suka ɗora barik huɗu. Na biyar, na farkon nan da ta zo da sandarsa daga Bobo, ya ƙi motsi. Sauran duk ta sha canza musu barik in tsatsa ta ci, shi kaɗai ba ta taɓa bari a gusar ba, sai dai a yi masa faci a gefe. Ƙarti huɗu suka kama suka kasa. Ɗana, wanda na dawo da shi a goye, ya leƙa ƙasa ya ce wa Gwaggo, wadda yake kira Yaaba, wato kaka, "Yaaba, c'est pas possible, ba zai ɗagu ba, ya kama ƙasa!" Gindin barik ɗin ya daɗe da ruɓewa. Saiwa mai kaurin dantse ta ratsa ta shige cikin tsakar gidan kakanmu.

Na dubi Gwaggo. Ba mamaki a fuskarta.

"Kin sani?"

"Tun mahaifinki na da rai, Uwata. Shi ma ya sani. Shi ya jera bulo a gefen don kada a gani."

Masu sharet suna jira, motar rusau tana layi na biyu, muna jin faɗuwar bango. Ta ce a ba ta adda. Ɗana ya ce zai yi, ta ce a'a. Ta durƙusa da ƙyar, ta yi bisimilla, ta sara. Sai da ta huta sau biyu kafin saiwar ta rabu. Ta miƙe, ta karkaɗe zanenta, ta hau gefen sharet ɗin ta riƙe kututturen da hannu har Cissin. Bai yi rai ba. Ya ɗan fito da toho, ya bushe kafin damina. Sauran huɗun suka kama rumfarsu a sabon gida, kuma daga cikinsu aka yi ta yankar sanda har ban san adadin gidajen da suka samu ba.

A shekarun ƙarshe idonta ya yi rauni, hannu ya fara rawa. Aski ya dawo wuyana, amma a ƙarƙashin mulkinta. Akan kai ta gindin rumfa, in jawo mata reshe, ta bi shi da yatsa tana ƙirga idanu, ta ce, "Nan." Ni da na yi ritaya, na aurar da 'ya'ya, in na kauce da faɗin farce sai na sha faɗa kamar 'yar shekara takwas.

Bana damina ta ɗauke tana kwance. Mako biyu kafin rasuwarta ta ce a fitar da ita, lokaci na wucewa. Muka ɗauke ta a kujera muka kai ta da hantsi. Na jawo reshe, ta lalubo, ta nuna. Muka yi na farko, muka yi na biyu. A na uku hankalina ya tafi kan yadda wuyan hannunta ya zama kamar kara, na sa sekatar a inda ba nan ba, na datse hannun gabas gaba ɗaya, reshen da aka shekara huɗu ana kwantarwa. Ya faɗo mata a cinya.

Na runtse ido ina jiran faɗa. Ta shafa reshen daga wannan kai zuwa wancan, ta shafa inda na yanke. Sannan ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Bar shi, Uwata. Zai fito ta wani wurin. Kawo na gaba."

A lokacin na san tafiya ta zo. Na jawo na gaba, ina kuka ba sauti don kada ta ji, muka ƙarasa askinmu kafin rana ta yi zafi.

Allah Ka jiƙan Gwaggo, Ka yafe mata zafin harshenta, Ka duba ruwan alwalarta da bakunan marasa lafiyar da ta jiƙa. Ka jiƙan ƙanenta tare da ita, da duk mutanen Zongo da suka riga mu. Wanda ya karanta wannan, ko ya taɓa shan inabinta ko bai taɓa ba, ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku.